Ranar da Inna Gambo Ta Kayar da Ni Zaɓe

Kun dai san Inna Gambo, ƙanwar babana. Ba ta haɗiye ƙwayar magani sai ta tauna, wai ta ji ɗacin ta tabbata ba alli aka ba ta ba. Ranar zaɓen kwamitin kula da likita kuwa, wato ɗan asibitinmu, kafin majo, babban ma'aikacin wurin, ya fito da benci, ta riga ta shimfiɗa tabarmarta.

A ƙauyenmu na yankin Sassumbrum ba ruwanmu da ƙuri'a. Ƴan takara su tsaya, kowa ya yi layi bayan gwaninsa. Inna sai ta fara zagayawa ta gabansu, tana duba su kamar mai sayen akuya.

Wata shekara ta tare wani Alhaji mai shago. "Alhaji, ina makewayin likitan nan?"

Ya nuna gabas.

"Kai! Can ɗakin haihuwa ne. Allah Ya tsare masu naƙuda!"

Wani ya bugi ƙirji, wai bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ta ce, "Madalla. Je ka nemi kwamitin masu lafiya."

Sai ga ni na dawo daga lakwal, makarantar boko, a Damagaram, takardu fal leda, na tsaya takara da Mariya mai ƙosai ta ƙofar likita. Aka ƙirga, muka yi kunnen doki. Saura Inna. Na ce a raina, naka sai naka!

"Ɗan nan, ƙarfe nawa ake buɗe tagar magani?"

"Takwas, Inna. A rubuce yake."

"Mariya fa?"

"Sai majo ya gama shayi, Inna."

Wallahi ko waiwaye ba ta yi ba, ta je bayan Mariya. Daga can ta ɗaga murya: "Goyo na yi maka, ban yi maka alkawari ba!"

Na ji kunya, na ji haushi, na daina gaishe ta. Duk Jumma'a ta aiko mini da fura, in shanye, in mayar da ƙwarya ba ko sannu. Ina gani Mariya ta sa aka yi wa masu jira rumfa, na ce bari a yanke gero in je in ce Inna ta yi gaskiya. Inna ba ta kai kakar ba, ta rasu.

Inna, kin yi gaskiya. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, ki yafe mini gaisuwar da na hana ki.