Fensir Biyu a Gefen Shafi

Shagon Tela yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, madubin da ya tsage a kusurwa, sai kanta mai hawa uku: biyu na yadudduka, na sama na littattafai. Ba ta cika ɗinka sabbin kaya ba. Gyara ne aikinta, ta rage tsawo, ta canza zif, ta saki ƙugu. Za ta kai shekara arba'in da biyar. Tana aji uku na sakandare idon mahaifinta ya mutu, ta bar makaranta ta hau kekensa, har yau ba ta sauka ba.

Duk wannan daga baya na sani. Lokacin da Auta take da rai, abin da na sani shi ne akwai wata mata da ke yi mata gyaran riguna, kuma rage hannun riga ɗaya yakan ci awa uku.

Auta 'yata ce, ta uku kuma ta ƙarshe. Ta rasu bara tana da shekara ashirin da huɗu, bayan jinyar wata biyar. Ni kuma shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki a laburaren jami'a. Duk littafin da ɗalibi ya dawo da shi sai na bi shafi-shafi, inda na ga fensir in sa kilina in goge. Littattafan labari na marubutan ƙasar nan na yanzu ban taɓa ɗaukarsu da muhimmanci ba. Auta ta taɓa ba ni ɗaya, na mayar mata da shi tare da takarda mai ɗauke da kurakuran ɗab'i goma sha bakwai. Ta yi dariya ta ce, "Mama, labarin fa?" Na ce ai ba laifi. Ba ta sake ba ni wani ba.

Wata biyu da rasuwarta Tela ta zo gida da kwali a kai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya, ta tura kwalin gabana.

"Littattafan Auta ne, Mama. Goma sha ɗaya. Na ga bai kamata su zauna a wurina ba."

Da ta tafi na buɗe na farko, nan take na ga fensir iri biyu a gefen shafi. Ɗaya siriri ne mai karkata, rubutun 'yata. Ɗayan mai kauri ne, na wadda take danne fensir kamar tana zana alli a kan yadi. A hankali na gane tsarinsu. Auta takan sayi littafi ta karanta ta yi rubutu, ta kai shago. Tela ta karanta ta ba ta amsa, Auta ta sake karɓa ta ƙara nata a ƙasa.

A wani shafi Auta ta rubuta: "Ya shiga jirgi. Ban faɗa miki ba?" Mai kaurin ta amsa: "Marubutan nan sai sun kai mutum filin jirgi hankalinsu ke kwanciya. Mu da muka zauna ba mu da labari ne?" A wani wurin Tela ce ta fara: "Wannan bai taɓa ɗaura maɓalli ba. Matar matalauciya ce amma kullum da sabon zane." Wata marubuciya kuwa ta samu yabo: "Ita wannan ta zauna cikin mutane. Haka ake faɗa a layin famfo, ba ta ƙara ba ta rage ba."

Wurin da na kasa wucewa yana cikin littafi na uku. Auta ta rubuta: "Uwar nan ta cika tsauri." Aka amsa mata: "Tsoro take ji. Duba yadda take ninke kayan yarinyar."

Ni ce na haifi Auta, ni na koya mata haɗa baƙi. Ina da digiri biyu, kuma ɗakina da nata bango ɗaya ne ya raba. Amma da za ta tambayi me ke cikin zuciyar uwa, sai ta ɗauki littafi ta hau mota ta kai wa mai gyaran zif. Abin da ya fi ci mini rai shi ne amsar daidai ce.

Wata Asabar da safe na ɗauko kilina. Na gaya wa kaina gyara zan yi. Na danne shafi da yatsu biyu don kada ya yamutse, na riƙa gogewa daga ciki zuwa waje, yadda na saba. Mai kaurin kaɗai nake gogewa, siririn ban taɓa shi ba. A littafi na huɗu ko karantawa ba na yi, hannu ne kawai yake aiki.

Da na karkaɗe teburin na koma farko, don in zauna da 'yata mu biyu. Sai na tarar tana magana ita kaɗai. "Haka ne, ban lura ba." Da me? "Kai Anti, kin sa ni dariya a mota." A shafi na ɗari da tamanin da shida na littafi na huɗu ta rubuta: "To, zan gwada da ita." A samansa fili ne fari fat. Na kai shafin bakin taga na karkata shi ga haske ko sawun fensirin zai fito. Bai fito ba, na iya aikina.

Kwana tara na yi kafin na iya zuwa shagon. Na tarar da ita da allurai a baki, tana auna ƙugun wata mata da ke rantsuwa ita ba ta ƙara ƙiba ba.

"To tef ɗina ne ya rame," in ji Tela. "Dawo jibi."

Da matar ta fita na ajiye littafin a kan keken, na buɗe shafin.

"Ni na goge," na ce. "Littafi huɗu. Ba don tsafta ba."

Ta dubi shafin, ba ta dube ni ba. Ta ja wani siket ta taka keken har ƙarshen ɗinkin, ta yanke zaren da haƙori.

"Me kika rubuta a nan?" na tambaye ta. "Wace ce ita?"

"Ke ce mana, Mama." Ta shafa shafin da tafin hannu. "Nan ne uwar take zaune a ƙofar ɗakin asibiti, ta kasa shiga. Auta ta ce ke ma haka kike, kina nan amma kamar kina ƙofa. Na ce ta karanta miki wurin da bakinta. Masu shiru sun fi kowa ji."

Na tuna. A watan jinya na huɗu ne, Auta ta ɗago wani littafi daga kan gado ta ce, "Mama, in karanta miki wani wuri?" Na gyara mata filo na ce ta huta, idonta zai gaji.

Na fito da fensir daga jaka na miƙa mata. "Ki mayar da abin da kika tuna."

"Duk na tuna," ta ce. "Amma ba zan iya ba. Wadda nake ba amsar ba ta nan." Ta turo mini littafin, ta nuna benci da haɓa. "Hannuna da aiki. Karanta mini wurin."

Na zauna na karanta, keken yana tafiya a hankali don kada ya rufe muryata. Akwai kuskuren ɗab'i biyu a shafin, na wuce su.

Yanzu duk Asabar ina zuwa. Mun faro daga na farko, muna kan na uku. Idan na zo inda na goge, takan faɗi abin da ke wurin ba tare da ta ɗago kai ba, har da abin da Auta ta ce da baki wanda ba a rubuta ba. Makon jiya ta yi dariya ta ce, "Nan ne 'Yar Gardama ta buga ƙafa." Ban taɓa sanin ana kiran 'yata haka ba. Na maimaita sunan a hankali, sannan na juya shafi.