Yadda Na Dawo da Sirdin Baffa Daga Dutse

Na kai sirdin Baffa Jauro gyara Dutse, na dawo da shi. Na ce zan iso kafin sallar Juma'a, ban iso ba sai bayan la'asar, kuma na bar haƙori ɗaya a hanya. Ga yadda aka yi, don masu tambaya su huta.

An taɓa kama ni kan satar doki. Ban sata ba. Shekara biyu da wata bakwai na yi a gidan yari ina jiran shari'a, aka sake ni ba a ce na yi ba, ba a ce ban yi ba. Da na fito babu wanda ya yarda in raɓi turkensa sai Baffa Jauro, dattijon unguwarmu da ke arewa da Garki. Shi ya ba ni kula da dokinsa Bidi. Ƙafafun Baffa sun gaji, Bidi ke kai shi masallacin Juma'a. Sirdin kuwa na mahaifinsa ne, ya girme ni. Bana ya ci bayan dokin har ya yi miki. Muka hutar da shi wata biyu, ya warke ya bar tabo, Baffa ya ce ba za a sake ɗaura sirdin ba sai wani baduku da ya sani a Dutse ya duba shi.

Babban ɗansa, Alhaji Musa, ya ce a gabana, irina in aka ba shi sirdi irin wannan, kasuwar Maigatari ta fi masa Dutse kusa. Baffa ya juyo wurina. Ni ya tambaya yaushe zan dawo. Na ce a kan sirdin zai je Juma'a.

Talata, daga gida zuwa Dutse

Ƙarfe huɗu da rabi na fito, sirdin cikin buhun taki a kaina. Tafiyar awa guda ce a ƙafa zuwa Garki, a tasha na yi asuba. Mota ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Direba ya so ya cusa buhun a but ɗin bayan mota, ƙarƙashin gero, na ƙi. Ya ce to in biya masa rabin kujera. Na biya, na rungume abina.

Ringim takwas da kwata. Na sake mota. Gujungu tara da rabi, nan na sha koko da ƙosai a tsaye. Daga nan zuwa Jahun ruwa ne dama da hagu, gonakin gero a ciki har wuya, amma titi a bushe yake. Mun wuce shinge uku, babu wanda ya kalli buhun. Sha biyu da minti ashirin muka shiga Dutse. Adaidaita ta kai ni bayan kasuwa, rumfar Malam Sabo baduku.

Tsoho ne, tabaransa ɗaure da zare. Ya juya sirdin ya ƙwanƙwasa itacen, ya ce ya tsage ta hagu. Ya tambayi inda muke ajiye shi. Na ce a ƙusa muke rataye shi ta likkafa.

"Kun rataye dattijo ta ƙafa ɗaya, kuna mamaki ya karye," in ji shi.

Ya sa na nuna masa inda tabon Bidi yake. Na ce hagu, yatsa huɗu bayan kafaɗa. Ya ce zai ɗaure itacen, zai kuma rarake huhu, wato matashin da ke ƙarƙashin sirdi, daidai wurin, don kada ya sake taɓa tabon. Amma aikinsa ba zai fita daga rumfarsa a buhu ba.

Laraba, Dutse

Kafintan da ke maƙwabtaka da shi ya yi akwatin, Malam Sabo na tsaye a kansa. Katako ne marar nauyi, tsawonsa kamu biyu. A ciki an kafa itace mai doro kamar bayan doki, sirdin ya hau ya zauna, babu inda ya taɓa ƙasa ko bango. An huda gefe da gefe don iska. An lulluɓe murfin da kwano saboda ruwa, aka sa igiya ta ɗauka. Likkafu da majayi, igiyar da ke ɗaure sirdi a cikin doki, aka yi musu wurinsu daban. Ya zuba busasshen ganyen darbejiya a ƙasa saboda ƙwari.

Sharaɗi biyu ya ba ni. Kada in naɗe shi da leda, fata za ta yi gumi ta yi funfuna. Kada kowa ya zauna a kai.

Kwana biyu a barandar rumfarsa na kwana. Daga gidansa ake kawo tuwon dawa da miyar kuka. Bai tambaye ni tarihina ba, ban ba shi ba.

Alhamis, daga Dutse zuwa inda na tsaya

Bas ta tashi bakwai saura ashirin, ana yayyafi. Akwatin bai shiga ciki ba, aka ɗaure shi a sama. Ni na ɗaure da hannuna. Bayan Kiyawa aka tsayar da mu a shinge, wani jami'i ya sa na sauko da shi na buɗe. Ya leƙa ya yi dariya, ya ce ina dokin. Na ce yana gida. Ya ce in gaishe shi.

Tara da minti biyar, gaba da Jahun, muka tarar da motoci a jere. Ruwa ya hau titi da dare, wata babbar mota ta maƙale a tsakiya. Direbanmu ya ce shi ba zai shiga ba, wataƙila gobe, wataƙila jibi. Na yi lissafi, jibi Asabar. Wani ɗan acaba ya ce ya san hanya ta ƙauyuka zuwa inda ake fito da kwalekwale. Na hau, akwatin a baya. Bayan minti arba'in taɓo ya riƙe babur, ya ce iyakarsa ke nan. Ya nuna mini wata tsamiya can nesa, ya juya. Na ɗora akwatin a ka. Ruwa ya jiƙa ni har wayata ta mutu a aljihu, lambar gida kuma a cikinta take, ba a kaina ba.

Sha ɗaya da rabi na isa tsamiyar. Bakin wani ƙauye ne, ba zan faɗi sunansa ba. 'Yan sintiri huɗu na zaune da sanduna. Na yi sallama, suka amsa. Ɗaya ya tambayi abin da ke cikin akwatin.

Na ce, "Kaya ne."

Kuskurena ke nan. Gidan yari ya koya mini gajeriyar amsa. Da na ce sirdi ne na kai gyara, da wataƙila sun nuna mini hanya. Suka ce in sauke. Suka buɗe. Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya ya ruga cikin gari.

Ashe kwana tara da suka wuce an kwance dokin wani manomi, Malam Hudu, aka haɗa da sirdinsa. Ga baƙo ya ɓullo ta daji, ba ta titi ba, da sirdi babu doki, kuma ya ƙi faɗin abin da ya ɗauko. Ko ni ne su, zan tsayar da shi.

Kafin in gama bayani mutane sun kewaye ni. Malam Hudu ya zo, ya ga jan fata da farin ƙarfen da ke gaban sirdin, ya ce nasa ne. Wani ya kama hannuna ya ɗaga wa jama'a, ya ce su dubi tabon ankwa. Wani ya ce in faɗi inda na kai dokin. Na ce a kira Baffa Jauro na Garki. Suka ce kawo lamba. Babu.

Na san irin wannan taro. Ba a gudu, ba a ɗaga murya, ba a kallon idon kowa. Na rufe akwatin, na durƙusa na kifa ƙirjina a kan murfin. Sanda ta farko a baya ta same ni. Ta biyu a baki. Na tofar da haƙorin, ban tashi ba. Wani ya ja igiyar akwatin, na riƙe. Limamin garin ne ya shiga tsakani, ya ce duk wanda ya ƙara duka shi zai ba da shaida a kansa. Ya ce mai unguwa ya tafi ta'aziyya ƙetare, a jira shi.

Aka sa ni a zauren mai unguwa, mutum biyu a ƙofa. Sun so raba ni da akwatin, liman ya ce a bar shi inda kowa ke gani. Na roƙi duwatsu huɗu na ɗora shi, don ƙasan zauren da danshi. Mai unguwa ya dawo da magariba, ya leƙo ya dube ni, ya ce magana sai da safe. Aka kawo fura. Ita kaɗai bakina ya iya.

Juma'a

Bakwai aka zauna. Rana na hawa, ina kallon inuwar ƙofa tana gajarta. Mai unguwa tsoho ne, daga yadda ya kama likkafa na san ya yi doki. Bai fara da sirdin ba. Akwatin ya daɗe yana dubawa, ya sa yatsa a hujin iska, ya shafa doron itacen, ya sansana ganyen. Ya tambayi wanda ya yi, na faɗa. Sannan ya mayar da murfin ya rufe, ya ce kowannenmu ya faɗi abin da ke ƙarƙashin sirdin.

Malam Hudu ya ce huhu ne kamar na kowa, ya ɗan tsufa. Na ce ta hagu, yatsa huɗu daga gaba, akwai rami da aka rarake, ɗinkin sabo ne, saboda dokinmu na da tabo a nan.

Aka fito da shi aka kifa a cinyar mai unguwa. Malam Hudu ya matso ya sa yatsunsa cikin ramin. Ya daɗe a haka.

"Dokina bai taɓa miki ba," ya ce. "Ba nawa ba ne."

Ya koma ya zauna. Ba maƙaryaci ba ne. Mutum ne da ya kwana tara yana ganin dokinsa a ko'ina.

Mai unguwa ya juya ga 'yan sintirin. "Ku da kuke da ido. Ɓarawo a buhu yake cusa sirdi. Yaushe kuka taɓa ganin ya gina masa ɗaki har da taga?"

Aka kawo wanda ya buge ni a baki ya ba da haƙuri. Mai unguwa ya ce in tsaya a yi mini abinci, a kai ni wurin mai magani. Na ce hanya nake so. Malam Hudu da kansa ya ɗauki akwatin a ka har bakin ruwa.

Tara da minti ashirin muka shiga kwalekwale, mu bakwai da akuya biyu. Ruwan ja ne, yana gudu da karan dawa. Mai fito ya ce in sa akwatin a ƙasa wata mata ta zauna a kai. Na ce a'a, na ɗora a gwiwa. A tsakiya ruwa ya fara shigowa ta gefe, aka miƙa mini ƙwarya in kwashe. Na kwashe da hannu ɗaya. Minti ashirin da biyar muka yi.

Daga can babur zuwa Gujungu, sha ɗaya da kwata. Mota ta yi jiran cika. Ringim ɗaya saura ashirin. Tasha ta watse, kowa ya nufi masallaci, direban Garki ya ce ko kujera huɗu zan saya ba zai tashi ba sai an sauko. Na yi Juma'a a Ringim, a sahun waje, akwatin a gefena. Ana huɗuba ina jin abin da ake faɗi a Garki a daidai wannan lokacin, kamar ina wurin.

Uku muka tashi. Garki huɗu da minti biyar. Na yi la'asar a tasha, na ɗora akwatin a ka. Mutum biyu da suka san ni suka gan ni, suka bar abin da suke yi suka bi ni da kallo.

Gida

Biyar da kwata na iso. Ƙofar gida cike take. Alhaji Musa ne ya kai Baffa masallaci a babur, na ji daga baya, kuma ya riga ya shirya zuwa ofishin 'yan sanda da safe. Na sauke akwatin gaban buzun Baffa, na gaishe shi. Alhaji Musa ya ce a buɗe a gani. Baffa ya ce a kawo Bidi.

Na ɗaura sirdin, na ja majayi. Muka taimaka masa ya hau. Ya je har bakin gona ya dawo a hankali. Na kwance, na shafa bayan dokin. Tabon a bushe, ko gashi bai kwanta a wurin ba.

Sai a lokacin Baffa ya dubi bakina. Ya tambayi abin da ya faru, na faɗa a taƙaice. Sannan ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Iro, da aka tayar da salla ban gan ka ba, na ce a raina ka tafi. Ban faɗa wa kowa ba, amma na faɗa. Ka yafe mini."

Na ce ba komai. Ba gaskiya ba ne, da komai. Amma na yafe.

Ina gode wa Allah da ya dawo da ni. Ina gode wa Malam Sabo, da limamin garin da aka tsare ni, da mai unguwarsu. Malam Hudu kuma, Allah ya bayyana masa dokinsa.

Washegari Baffa ya aiki Alhaji Musa Garki ya sayo kwaɗo aka sa wa akwatin. Mabuɗi biyu ne. Alhaji Musa ya miƙa wa mahaifinsa, Baffa ya ce ba shi za a ba ba. Har yau Alhaji Musa bai yi mini maganar ba. Ina nan gidan Baffa, a ɗakin da ke kusa da turke. Akwatin na ɗakina, mabuɗan biyu suna wuyana.