Wasan Makarantar da Ya Kusa Hana Ni Aure

Shekarun baya, muna ajin ƙarshe a sakandare, malaminmu na Hausa ya ce ya gaji da yadda muke haddace jigo da taurari muna zubar masa a takarda ba tare da mun san me muke faɗa ba. Don haka bana sai mun fito da littafin wasan kwaikwayon da muke nazari a gaban iyaye, ranar ba da kyaututtuka. Tsohon littafi ne, tun iyayenmu suka karanta shi. Labarin wani saurayi ne da uwarsa ta sha wahala da shi a ƙauye har ya yi karatu ya samu babban aiki a birni. Ranar da ta kawo masa ziyara sai ta tarar da manyan baƙi a falonsa. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya wace ce wannan tsohuwar, shi kuma ya ce mai aikinsa ce.

Ni babban baƙon nan na so a ba ni, saboda shi ne mai babbar riga, kuma maganarsa ba ta da yawa. Malam ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da wannan ɗaga hancin naka, ɗan za ka yi." Makarantar maza ce, sai aka ɗaura wa abokina zanen yayarsa ya fito a uwar, ga gemu ya fara tsiro masa.

Ranar wasan fili ya cika, rabin mutanen unguwarmu ta Koki suna wurin. Da na faɗi maganar nan ta mai aiki, wata tsohuwa ta miƙe daga cikin mata ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da kai, ɗan banza!" Sai da aka rirriƙe ta. Ni kuwa kaina ya kumbura, na daɗe ina yawo a unguwa ina jiran a nuna ni.

Kwanaki suka tafi, na gama karatu, ni ma na zama malamin Hausa. A tsakanin nan mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mahaifiyata na gama takaba ciwon ƙafa ya matsa mata, sai yayanta ya ce ta dawo gidansu na Gwale inda akwai mata da yawa da za su kula da ita. Ni na zauna a Koki da ƙannena maza, kullum idan na tashi daga makaranta sai na biya na gaishe ta.

Sai Allah ya haɗa ni da wata yarinya a Ƙofar Mazugal. Na so ta so mai tsanani, ba zan ɓoye muku ba. Manya suka je suka gabatar da ni, aka ce su ba da lokaci a yi bincike kamar yadda aka saba. Ko a jikina. Ba na shaye-shaye, ba na fashin jam'i, me za a tono? Har cika baki na yi wa abokina cewa masu binciken da yabo za su koma gida.

Shiru, shiru, babu amsa. Wata rana da La'asar na je zance, ta fito babu fara'a, ko ruwa ba ta kawo mini ba.

Ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, me ya fitar da Inna daga gidanku?"

Na ce, "Ciwon ƙafa mana. Ba na gaya miki ba?"

Ta ce, "Baffana ya je unguwarku. An ce masa ka taɓa tozarta ta a gaban jama'a, ka ce mai aikinku ce, shi ya sa tana fita takaba ta tattara kayanta. Kuma ba mutum ɗaya ne ya faɗa masa ba."

Na fashe da dariya. Da na ga ita ba dariyar take yi ba, sai na daina. Ashe waɗanda suka ga wasan sun ba waɗanda ba su gani ba labari, su ma suka ba wasu, har aka manta cewa a filin makaranta aka yi abin. Da mahaifiyata ta koma Gwale sai aka ce to ga shi nan, dama an faɗa. Na yi wa yarinyar bayani ta gamsu, amma ba gamsuwarta ce za ta ɗaura aure ba. Ta ce Ummanta ta rantse ko maza sun ƙare ba za ta ba da 'yarta ga wanda ya wulaƙanta uwarsa ba.

Ana cikin haka sai mahaifinta ya aiko yana nemana. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Ba a saba uba ya zauna da mai neman 'yarsa baki da baki ba, amma na amsa kiran. Na same shi a soro a kan tabarma, na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa na gaishe shi. Kafin ya ce komai na fara zuba: "Baba, wallahi wasa ne, a makaranta muka yi, akwai shaidu..."

Ya ɗaga mini hannu. "Na sani. Ƙanena na faɗin mai aiki na gane littafin, na koyar da shi tun ba a haife ka ba. Ba wannan ya sa na kira ka ba. An ce ka yi shi har mata suna kuka. To, ka gaya mini, wane irin mutum ne wannan yaron da ka fito a matsayinsa?"

Daɗi ya kama ni, na ce an zo fagena. Na gyara zama na ce shi ne tauraron wasan, jigon kuwa butulci ne, da illar girman kai, da yadda boko ke raba wasu da asalinsu.

Ya ce, "Wannan amsar jarrabawa ce, ka ci makinka. Yanzu ni ka amsa mini. Me ya sa marubucin bai hukunta shi ba? An gama wasa yana nan da aikinsa da motarsa. Ba a kore shi ba, bai haukace ba."

Shekara da shekaru ina koyar da littafin nan, babu ɗalibin da ya taɓa yi mini wannan tambayar, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Sai na koma filin makarantar nan a zuciyata, na tuna abin da ya biyo bayan maganar.

Na ce, "Baba, ina ganin an hukunta shi tun a falon. Da ya ce mai aikinsa ce, da ta ƙaryata shi ko ta tsine masa, da ya samu sauƙi. Sai ta ce gaskiya ne, ta durƙusa ta kwashe kwanukan baƙin don kada ya ji kunya. Daga nan har aka gama wasan bai ƙara yin doguwar magana ba. Ni a ganina ma ba shi ne tauraron ba, ita ce, duk da maganarta ba ta da yawa."

Ya ce, "Kai da kake tsaye a wurin, me ka ji?"

Na ce, "Abokina ne ya fito a uwar, har da gemunsa. Amma da ya durƙusa yana tattara kwanukan sai harshena ya yi nauyi, na kasa ci gaba. Malam ya ɗauka mantuwa na yi, yana ta raɗo mini daga bayan labule."

Ya ce, "Abin da nake son sani ke nan, ko ka gane abin da yaron ya yi, ko kuwa daɗinsa ka ji. Ni na gamsu, ɗana. Amma cikin gida ba su karanta littafin ba, kuma uwa ce, tana da hakki a kan 'yarta. Ba zan yi mata dole ba."

Na fito da rabin farin ciki. Ban gaya wa mahaifiyata komai ba, don ban san ta inda zan fara ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "kai" ko "yaron nan". Ba ta yabona a gaban kowa, zancen aurena kuwa ko a kusa da ita aka fara sai ta tashi ta ba da wuri. Ashe wata ƙanwata ta ji maganar a unguwa, ta kwashe labarin kaf ta gaya mata.

Ba da jimawa ba aka aiko wa manya su zo a sa rana. Sai bayan biki matata ta ba ni labarin abin da ya faru. Ta ce wata safiya suna tsakar gida sai ga sallamar wata dattijuwa tana dogara sanda, ta sauko daga adaidaita da kyar. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, ta ce ita ce mahaifiyar mai neman 'yar gidan. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Sannan ta kira sunana, ta ce, "Ɗana ne. Tun da na haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ƙafa ce ta kai ni Gwale, kuma shi yake zuwa ya shafa mini magani da hannunsa. Ban taɓa faɗin wannan ba, yau ma don an ce za a hana shi abin da yake so ne." Matata ta ce Ummanta kuka ta saka, ta riƙa ba ta haƙuri.

Washegari na tafi Gwale na durƙusa zan yi mata godiya. Ta kawar da kai ta ce, "Kai, wa ya ce maka na je wani wuri? Tashi ka miƙo mini butar can."

Har yau ina koyar da littafin nan. Idan ɗalibi ya ce mini jigonsa butulci ne, ina ba shi makinsa, sannan in ce ya koma ya duba mini abin da uwar ta yi, da abin da ta ƙi faɗa. Surukina ne ya koya mini yin wannan tambayar, kuma ina gode masa da bai yanke mini hukunci da jita-jita ba. Tsohuwar da ta yi mini Allah ya isa ma na yafe mata, a kan gaskiyarta take.

Mahaifiyata ta rasu, Allah ya kai haske kabarinta. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Matata ce ta ji. Idan kewarta ta dame ni, sai in ce wa matata ta zauna ta sake gaya mini yadda ta faɗe shi.