Gonar Tsarana a Jikin Bango

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, kuma abin da zan ba da labarinsa ya auku damana shida ke nan da suka wuce, a nan Filinge. Kafin in aje aiki malamin gona ne ni. Na kewaye ƙasar Kurfai ƙauye bayan ƙauye, ina yi wa manoma jawabi a gindin itace, ban taɓa riƙe takarda ba, ban kuma taɓa neman wata na'ura ta ƙara mini murya ba.

A waccan shekara aka aiko mini cewa baƙi za su zo daga Yamai, masu furoje, shirin farfaɗo da fako, wato ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarta. Ana so in bayyana musu yadda muke haƙa ramukan rabin wata don tare ruwan sama. Sai dai an gindaya sharaɗi: ba jawabin baka kaɗai ake so ba, sai an haska shi a jikin bango da ordinater, wato kwamfuta. Na so in ƙi. Ɗiyata ta fari, wadda ke koyarwa a kolej, ta ce ita za ta shirya mini.

Kwana uku muka yi muna zama a zaure bayan la'asar. Na rubuta takarda biyar cif, na fara da gaisuwar manya bisa matsayinsu, na bi da tarihin ƙasa tun daga zamanin kakanni. Ta karanta har ƙarshe cikin ladabi, sa'an nan ta ce, "Baba, in aka zuba wannan duka a bango, mutane karatu za su yi, ba za su saurare ka ba. Waɗanda ba su yi karatun lakwal ba kuwa barci za su yi."

Na ce, "To gaisuwar fa? A bar manya ba gaisuwa?"

"Ka gaishe su da bakinka, Baba. Bango ba ya gaisuwa."

Haka ta yi ta sassaƙe maganata har ta koma shafi tara, waɗanda su suke kira diyafo. Kowane shafi magana guda, da manyan haruffa yadda na bayan ɗaki zai gani, da hoto guda. Ta hore ni kada in juya wa jama'a baya ina karanta bango, in dubi mutane, in na gama da shafi in gyaɗa mata kai ta wuce gaba. Na ji zafin a ce ɗiyar da na haifa ce ke koya mini magana, amma na lura abin da take faɗi bai yi nisa da abin da nake yi a gindin itace ba.

Ta ce abin da ya fi ratsa baƙi shi ne hoto biyu a jere: gona matacciya, sa'an nan gona rayayya. Hoton rayayyar na gonata ne. Na matacciyar kuwa ta ɗauke shi da wayarta ta tagar mota, a hanyar Sanam. Ta nuna mini a fuskar ordinater, ta tambaye ni ko ya yi. Madubin idona yana cikin ɗaki, ni kuma ban so ta ga ina lalube ba. Na hangi jan fili kawai, na ce ya yi. Ta rubuta a samansa: gonar da aka yi wa sakaci.

Ranar taro da hantsi ɗakin ya cika. Baƙi a kujerun gaba, masu gari da limamai a bayansu, manoma har bakin ƙofa. Aka tsuke tagogi, aka kunna fitilar da ke jefa hoto. Na yi gaisuwata cikakkiya, ban rage kowa ba. Shafi na fari ya wuce, na biyu, na uku. Ina duban mutane, suna dubana, har na fara jin daɗin abin.

Na gyaɗa kai, aka kawo shafi na huɗu. Na ga manoma suna sunkuyar da kai. Dole na karya horon ɗiyata na juya. Ga fako ya cika bango, faɗinsa ya fi tsawon mutum biyu. A gefen dama ga gawo mai reshe guda da aradu ta ƙona, a ƙarƙashinsa ga suri. Babu manomin da ke ɗakin nan da bai san gawon ba.

Baƙo in ya dubi gona, ƙasa yake gani. Mu a nan gona kamar fuskar mai ita ce, ana gane ta da itace guda. Ko wucewa mutum zai yi ta gonar da ta lalace, kau da ido yake yi, ba ya nuna ta da yatsa. Mai wannan gona tsarana ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ƴaƴansa maza biyu sun tafi cin rani shekaru da dama, ba su komo ba, gwiwa kuma ta ci amanarsa. Ga shi zaune a layi na uku da sandarsa, ga gonarsa a bango gaban baƙi, ga kalmar sakaci a samanta. Bai iya karatu ba, amma na ga wani ya karkata yana raɗa masa.

Ɗiyata ba ta gane ba tukuna, tana jiran in ci gaba. Ban san wurin da ake latsawa a kashe abin ba. Sai na tuɓe hulata, ni da ba a taɓa ganin kaina a buɗe cikin taro ba tun da na yi aure, na kifa ta bisa idon fitilar. Bango ya yi duhu.

Daga layi na uku murya ta taso. "Malamin gona, ɗebe hularka kada ta ƙone. Saiƙonka ya fi fakona haske."

Wasu suka yi dariya a ɗarare. Na ce, "Ɗan'uwa, ka gafarce ni. Wallahi ban duba ba."

"Na sani. Kai da ba ka gani, kana ƙin sa madubi gaban yara. Ɗebe, na ce. Gonata ce, ba ɗiyar kowa aka kama ba. Tunda an kawo ta Filinge ba a gaya mini ba, bari in gaishe ta."

Na ɗauke hular. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tako har gaban bango, hasken ya zuba a bayan rigarsa. Ya juya ga ɗiyata, wadda hawaye ya riga ya cika mata ido.

"Ɗiyata, mi kika rubuta nan bisa?"

Ta faɗa masa da muryar da ba a ji sosai.

"A'a. Ba sakaci ba ne. Kafin a haife ki hatsin gonar ga shina kai wa mutum kafaɗa. Hannu ne babu. Abin naku ana iya gyara shi, ko kuwa kamar tawada ne?"

"Ana iyawa, Baba."

"To gyara, muna kallo."

A gaban kowa haruffan suka riƙa gogewa ɗaya bayan ɗaya, sababbi suna fitowa: gonar da ta rasa hannu. Ya sa liman ya karanta masa da ƙarfi. Sa'an nan ya ɗaga sanda ya shiga nuna wa baƙi inda ruwa ke gangarowa, da inda ya fara ƙwace ƙasa, da shekarar da ya daina shuka gefen gabas. Mai fassara yana bin sa da Faransanci. Ni da aka gayyato in yi jawabi na tsaya gefe riƙe da hula. Shafukan da suka rage biyar na bi su a gurguje bayan ya zauna, ban ma tuna abin da na faɗa.

Da aka watse na bi shi waje, ina so in ƙara ba shi haƙuri. Ya tsai da ni da hannu. Ya ce abu ɗaya ne ya ɓata masa rai, an ɗauki hoton daga bakin hanya, inda gonar ta fi muni. In ɗiyata ta sake bukata, ta zo gida ta yi sallama, a ba ta ruwa ta sha, shi da kansa zai kai ta inda za ta tsaya. Ranar kasuwa ta gaba ta tafi da goro, ta wuni a gidansa, ta komo da hotuna da labarin kowane lungu na gonar. Har Allah ya karɓi ransa bara waccan, bai sake tayar mini da zancen ba, in ban da tsiyar saiƙo.

Wanda ke shakkar wannan labari ya tambayi limamin unguwarmu, shi ya karanta rubutun a bainar jama'a. Mai fassarar yana nan da ransa, yana sayar da irin shuka a kasuwa. Ɗiyata kuma tana kolej har gobe.