Takardar Zulai tana hannun 'yata

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata, Yaya Rabi ta Gazawa, amma har yau in aka ambaci sunanta sai na sunkuyar da kai.

Ƙanenmu ya rasu ya bar mini 'yarsa Zulai, da takardar haihuwarta. Da na tashi sa 'yata Hauwa lakol, wato makarantar boko, aka ce sai da takarda, ni kuwa sakaci ya hana ni yi mata. Sai na miƙa ta Zulai. Ita Zulai na ba wata Hajiya ta tsallaka da ita Najeriya aikatau, wai ta waye. Ban shawarci Yaya ba, don na san amsarta.

Da labarin yarinyar ya ɗauke, Yaya ta ci ɗamara ta bi sawu. A jiha ta farko ta tarar da buro, ofishin hukuma mai kula da yara. Suka ba ta kujera, suka haɗa ta da ma'aikaciya, har aka gano masu gidan da Zulai ke wa aikatau sun ƙaura da ita wata jiha. Can kuwa, ƙasa ɗaya amma tsari daban. Masu gidan suka ce 'yarsu ce, hukuma ta ce a kawo shaida.

Ta dawo ta same ni ina ɗaurin dami.

"Sani, ba ni takardar Zulai."

Na ce gara ta cinye. Ta dube ni, ta dubi Hauwa da ke shigowa da jakar lakol. Tsoron a kori 'yata ya sa na bar ƙaryar a tsaye. Sau uku Yaya tana komawa tana dawowa ita kaɗai, kafin ciwo ya kwantar da ita.

Yau ina jin an ce jihohin can suna gyara dokokinsu, ƙauyukanmu ma ana kafa kwamitin kare yara. Da tana raye za ta yi murna, sannan ta juyo kaina. Na sha zagin hukumar can a majalisarmu ta hira, alhali ni na ɗaure mata hannu. Kunya nake ji.

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Hauwa ce yanzu ke koyarwa a Gidan Sori, 'yan lakol suna kiranta Madam Zulai. Bana na zaunar da ita na faɗa mata komai, ina jiran kuka. Ba ta yi ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, sak irin na Yaya.

"Baba, wace jiha ce?"