Malama Hure Toranke da Kwanon Ɗan Fari

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malama Hure a shekarar 1961 a garin Kademi da ke ƙasar Gaya. Mahaifinta, Malam Muhammad Bashir, manomi ne kuma ladanin masallacin unguwarsu, mahaifiyarta Ummi kuwa ta yi suna wajen daddawa, har daga kasuwar Gaya ake zuwa sari. Hure ba ta yi boko ba. Ta yi karatun allo a zauren mahaifinta, ta kai izu goma, sauran kuma ta ƙarasa da girmanta a Islamiyyar matan aure, inda ta sauke a 2004.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1979 aka ɗaura aurenta da Malam Tukur, manomin gero da gyaɗa a Toranke, ƙasar Ajingi. Sun zauna shekara arba'in da huɗu, kuma shi da kansa ya shaida cewa ba a taɓa shiga tsakaninsu ba. Ba a haihuwa a unguwar ba ta kai kunun kanwa ba, ba a rasuwa ba ta riga kowa ɗora tukunya ba.

A 1981 ta haifi ɗanta na fari, Haruna. Bisa al'adar da ta taso a ciki, ta yi masa alkunya irin ta mutanen da: ba ta ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ta kuma kama sunansa, sai dai ta ce “yaron nan”. Mata kan tsokane ta su tambaya wane yaron, alhali gidan cike yake da yara, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da tankaɗe. Amma kowa ya san kwanon da ya fi man shanu nasa ne.

Tafiyar Haruna

Bayan kakar 2013 Haruna ya bi amininsa Babagana, mai sayar da bandar kifi a Gaya, zuwa bakin Tafkin Chadi domin sari. Ranar tafiyar ya zo ƙofar madafa yin sallama, ta ce Allah ya kiyaye hanya ba tare da ta ɗago ba, sannan ta aiki ƙanwarsa Baiwa ta bi shi da ƙullin ƙuli-ƙuli. Babagana ya dawo da kaya, Haruna ya tsaya jiran wani kifin, a daidai lokacin da rikici ya tsananta a can. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Sau uku Malam Tukur yana zuwa Maiduguri cigiya, bai samo ko labarin gawa ba.

Shekarun Jira

Tun daga lokacin, duk la'asar idan ta kwashe tuwo sai ta cika kwanonsa ta rufe da faifai. In an sallame magariba bai shigo ba, sai a miƙa wa wanda Allah ya kawo, ko mai tallan da yamma ta yi masa, ko tsohuwar da ba ta da mai girka mata. Shekara goma ana haka, har da shekarar da gero ya yi tsada.

A 2019 dangi suka kawo shawarar a yi masa addu'ar mamaci a huta. Wannan ne kaɗai karon da aka ji ta ƙi maganar manya. Ta ce, cikin ladabi, ita ba za ta karɓi gaisuwar wanda ba ta ga makararsa ba. Masu cewa ta kasa tawakkali ba su san ta ba, domin ba a taɓa jin ta yi wa ƙaddara ƙorafi ba. Abin da ke cin ta, kamar yadda ta faɗa wa Baiwa, shi ne ranar nan da ba ta ɗago ta dube shi ba.

Rasuwa

Ta yi jinyar hawan jini ta wata biyu. A ranar Litinin, 22 ga Janairu 2024, cikin watan Rajab, da hantsi, ta dubi Baiwa ta ce, “An zuba wa Haruna?” Cikin shekara arba'in da biyu, ranar ce aka fara jin sunan a bakinta, kuma duk wanda ke ɗakin ya yi kuka. Ta cika kafin azahar, aka yi mata sutura aka kai ta maƙabartar Toranke bayan la'asar. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Ta bar mijinta da jikoki goma sha bakwai. Da aka zo rubuta sunayen 'ya'yanta a wannan tarihin, an fara da huɗun da suka zauna karɓar gaisuwa, sai Malam Tukur ya ce a gyara, domin ita biyar take ƙirgawa. Su ne Haruna, da Baiwa, da Mudassir, da Zulfa, da Anas. Har yau matar Anas ce ke cika kwanon.