Na Turara Rigar Mawaƙiya, Muryarta Ta Dushe

A lokacin ina ɗaliba a Guangzhou, ranar da babu karatu ina ɗinki a wani ɗan shago a titin Huanshi Lu. Ina ji da kaina a kan keken ɗinki, ba a gaya mini.

Wata rana aka kawo mini wata dattijuwar Bajamushiya, mawaƙiyar opera, irin waƙar nan tasu da ake yi ba lasifika, murya kaɗai ke cika zaure. Muryarta siririya ce mai hawa sama. Ta gaya mini ta tsufa a kan dandamali, sai aka yi mata aiki a maƙogwaro ta shekara biyu shiru. Wasan da za ta yi ranar Asabar shi zai nuna ko ta dawo ko ta gama. Rigar wasan ce ta yi mata yawa, na rage mata.

A gidanmu a Kano ba a miƙa wa babba kaya babu ƙamshi. Sai na kifa kwando a kan kasko, na turara rigar da turaren wutar da mahaifiyata ta haɗa mini, har sau uku. Ta sa ta a wurin gwajin wasan, ta ja numfashi za ta hau sama, sai tari ya sarƙe ta, muryar ta dushe. Da labari ya zo mini, na gane turarena ne ya jawo.

Mai shagon ta ce in ja bakina, kowa na'urar sanyaya ɗaki yake zargi. Na ƙi, domin in ba ta sani ba za ta sake sa rigar. Na same ta a masaukinta a titin Liuhua Lu na faɗi gaskiya, kunya kamar in nutse. Likita ya hana ta magana, sai ta rubuta a takarda cewa ba kuka take nema ba, riga take nema. Wanki bai fitar da turaren ba, don haka na yanka sabon yadi, ba na tashi daga keke sai in zan yi salla.

Ta yi wasan, an tafa mata. Amma waƙar ƙarshe mai kaiwa ƙololuwa, wadda ta shekara biyu tana jira, dole ta cire ta. Ta ce za ta yi ta baɗi ko da tana dogara sanda ne, kuma ni zan ɗinka rigar.

'Yan'uwana masu sana'a a ƙasar mutane, abin da yake girmamawa a gidanku zai iya zama cuta a jikin wani. Ku tambaya kafin ku kyautata. Niyyata mai kyau ce, amma ba ta mayar wa matar nan waƙarta ba.